Injin Niƙan George Washington: Daga Hannun Wa Zuwa Hannun Wa?

Mai karatu, idan aka ce injin niƙa, abin da zai faɗo maka a rai shi ne rumfar kwano a bakin layi, ƙarar da ke hana hira, warin gas, da yara a jere kowa da ƙwaryarsa ko bokitinsa. Yau za mu kai ka wani injin niƙa da bai san gas ba, bai kuma san wutar lantarki ba. Ruwan rafi ne ke juya shi. Yana cikin karkarar jihar Virginia ta Amurka, a bakin wani rafi da ake kira Dogue Run, kimanin kilomita 5 daga gidan gonar Mount Vernon. Wanda ya gina shi shi ne George Washington, shugaban Amurka na farko, kuma ya gina shi tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Amurka.

Labarin wannan inji labarin gado ne. A cikin shekara 250 da 'yan kai ya ratsa hannun mai gida, da magaji, da baƙin da suka saya, da gwamnati, da wata ƙungiyar mata. Ya yi tashe, ya mutu, an kwashe duwatsunsa, an sake tayar da shi. Idan ka bi sawunsa za ka ga cewa sauya suna a takarda abu ne na yini guda, amma abin da ke riƙe da ran inji shi ne ruwa da hannun da ya iya aikin. Duk magajin da ya karɓi takarda ba tare da waɗannan ba, tulin duwatsu ya gada.

Yadda ruwa ke niƙa hatsi

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don sauran labarin ya zauna maka. Ka tuna dutsen niƙa irin na kakanni: babban dutse a ƙasa, ɗan dutse a hannu, mace a durƙushe tana turawa tana jawowa. To, haka ma injin ruwa yake, duwatsu biyu ne. Sai dai nasa masu faɗi ne, zagayayyu kamar faifai, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa a kafe yake, na sama ne ke juyawa. Hatsi na zuba ta ramin da ke tsakiyar na saman, ya shiga tsakaninsu, gari ya riƙa fita ta gefe.

Abin da ke juya dutsen shi ne wani ƙaton wili na katako. Na injin Washington tsayinsa ƙafa 16 ne, wato kusan mita 5, kuma a cikin ginin yake. Ana datse rafi can sama, a haƙa wa ruwan hanya ta musamman har zuwa injin. Jikin wilin akwai aljihuna a jere. Ruwa ya zubo ya cika su, nauyinsa ya rinjayi wannan ɓangare ya yi ƙasa, na bayansa su zo su cika, haka dai ba tsayawa. Wilin na haɗe da wasu ƙananan wili masu haƙoran katako, su ne ke kai juyin har ga dutse, su kuma ƙara masa sauri.

Gwanintar mai niƙa tana wajen tazarar da ke tsakanin duwatsun. Ba a son su goge juna. Fuskar kowanne an sassare ta da layuka, layukan ne ke tsaga ƙwayar hatsi kamar almakashi. Idan tazarar ta yi yawa, tsaki za a samu. Idan ta yi kaɗan, dutse ya yi zafi, gari ya ƙone ya yi ƙauri. Mai niƙa yakan murza garin da yatsu, ya sunsuna, ya saurari ƙarar dutse, sannan ya san ko ya ɗaga ko ya sauke. Bayan wani lokaci layukan kan dakushe, sai a ɗaga dutsen a sake sassara shi da ƙarfe. Aiki ne da ake shekaru ana koyo.

Ƙasar wa ce tun asali?

Sunan rafin kansa shaida ne. Dogue sunan wata ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda ke zaune a bakin kogin Potomac suna noman masara da kamun kifi kafin Turawan Ingila su iso. Baƙi suka yi ta matsa su har suka bar yankin. Abin da ya rage musu a wurin shi ne sunan da ke kan ruwan.

A 1674 aka ba John Washington, kakan mahaifin George, tare da abokinsa Nicholas Spencer takardar mallakar eka 5,000 a wannan yanki. Daga nan rabon gidan Washington ya riƙa gangarowa har ya iso hannun Augustine, mahaifin George, kuma tun zamaninsa akwai wani ƙaramin injin niƙa a kan Dogue Run. Da Augustine ya mutu a 1743, gonar ta faɗa hannun Lawrence, wan George da suke uba ɗaya. Shi ne ya raɗa mata suna Mount Vernon. Lawrence bai yi tsawon rai ba, ya mutu a 1752. Ko a lokacin George bai zama mai gona ba, domin matar wansa na da haƙƙin cin moriyarta muddin tana raye. Haya ya karɓa daga hannunta a 1754, sai da ta mutu a 1761 gonar ta zama tasa.

Ka lura, mai karatu: mutumin da daga baya ya shugabanci ƙasa ya yi shekara 7 yana biyan matar wansa kuɗin hayar gonar ubansa.

Bashin taba ne ya haifi injin

Manyan manoman Virginia na wancan zamani taba suke nomawa. Su aika ta Landan, dillali ya sayar da farashin da ya ga dama, ya sayo musu tufafi da kayan ɗaki da kayan aiki, ya rubuta saura a littafin bashi. Washington ma haka ya taso yana yi. Ƙasar Mount Vernon ba ta son taba, tabar kuma na cinye ƙarfin ƙasa. Zuwa 1764 dillalansa na kamfanin Robert Cary suna bin sa kimanin fam 1,800, kuɗi mai nauyi ƙwarai a lokacin.

Da ya ga ramin na ƙara zurfi, sai ya daina tona shi. Kafin ƙarshen shekarun 1760 ya bar taba a gonakin Mount Vernon ya koma alkama. Ya kuma yi lissafin cewa wanda ya sayar da alkama ɗanya ya bar wa mai niƙa riba. Tsohon injin zamanin mahaifinsa ya tsufa, ba zai iya aikin kasuwa ba. Saboda haka a 1770 aka soma sabon gini na dutse, bene mai hawa-hawa, aka gama a 1771. An zaɓi wurin da kwalekwale zai iya isowa daga kogin Potomac ya kwashi kaya.

Duwatsun niƙa kashi biyu aka sa. Na alkama daga Faransa aka kawo su, irin da ake haƙowa gabas da birnin Paris, a haɗa guntayensu a ɗaure da zoben ƙarfe. Tsananin taurinsu ya sa ba sa zubar da tsakuwa cikin gari, sai fulawa ta fito fara tas. Kashi na biyu na masara ne, don cin gida da na maƙwabta. Manomin da ya kawo hatsinsa ba kuɗi yake biya ba, kashi ɗaya cikin 8 ake ɗiba. Wato idan ka kawo mudu 8, mudu guda na mai inji ne.

Idan ruwa ya wadata, injin na iya niƙa abin da ya kai kilo 2,300 zuwa 3,600 a yini, wato buhu 46 zuwa 72 mai cin kilo 50. Ana ɗura fulawar a gangunan katako masu cin kusan kilo 89, a buga musu tambarin sunansa, a kai su kasuwannin kusa kamar Alexandria, da tsibiran Karebiyan, har kudancin Turai.

Amma ka riƙe wannan sharaɗi: idan ruwa ya wadata. Dogue Run ƙaramin rafi ne. Lokacin zafi ya ja baya, lokacin sanyi ya daskare, idan aka yi ruwa mai ƙarfi kuma ya fasa madatsa. Washington ya sa aka karkato wani ƙaramin rafi mai suna Piney Branch don ƙara ruwa, duk da haka injin kan yi watanni a tsaye. Wasiƙunsa ga masu kula da gonar cike suke da maganar yashe hanyar ruwa da toshe ɓaraka. Janar ne da ya ja rundunar yaƙi, amma rafin nan bai taɓa bin umarninsa ba.

Hannuwan da suka yi aikin

Shi Washington mai inji ne, ba mai niƙa ba. Gwani ya ɗauka haya, wani William Roberts, ya gina masa gida a gefen injin. Washington da kansa ya shaidi ƙwarewarsa, amma shan giya ya ɓata shi, har aka sallame shi a 1785 aka ɗauko Joseph Davenport. Waɗannan ana biyan su.

Sauran ba a biyan su, domin bayi ne, baƙaƙen fata da aka kawo daga Afirka da 'ya'yansu da jikokinsu. Su suka haƙa hanyar ruwa, su ke yashe ta, su ke noma alkamar su yanke ta, su ke ɗaukar buhu. A jerin sunayen bayinsa da Washington ya rubuta a 1786, ƙarƙashin injin niƙa akwai Ben, wanda aka rubuta sana'arsa mai niƙa, sai Jack da Tom da Davy masu haɗa ganguna. Ka tuna abin da muka ce game da tazarar dutse da murza gari da yatsu. Ben ya san wannan duka. Ganga ta tafi da tambarin mai gida, sunan Ben ya tsaya a jerin dukiya.

Masarar da ake niƙawa a nan ita ce abincinsu. Rabon babban mutum a yini bai cika lita guda na gari ba, sai ɗan kifi mai gishiri. Daga cikin bayin gidan akwai waɗanda masana tarihi ke kyautata zaton Musulmi ne ko 'ya'yan Musulmi daga Afirka ta Yamma. A wata takardar haraji ta 1774 an rubuta sunan wata mata Fatimer da wata ƙaramar Fatimer, sunan da masana ke ganin Fatima ne kunnen Bature ya juya.

Akwai wata wasiƙa da ke nuna yadda fulawa da bauta suka sarƙe. A 1772 Washington ya ɗora ganguna fiye da 200 a jirgin ruwa zuwa tsibiran Karebiyan, ya damƙa wa wani Daniel Jenifer Adams. Ya umarce shi da ya sayo bayi da kuɗin idan an samu lafiyayyu a ƙasa da fam 40 kowanne, in ba a samu ba ya sayo sukari da barasa. Adams ya ci amana, Washington ya yi shekaru yana bin kuɗinsa. Daga baya ra'ayinsa kan bauta ya sauya, kamar yadda za ka gani a wasiyyarsa, amma wasiƙar tana nan da rubutun hannunsa.

Fasahar da aka saya da lasisi

A injinan wancan zamani dutse kaɗai ruwa ke juyawa. Mutum ne zai hau da buhu sama, ya kwashe garin da ya fito da ɗumi, ya shanya shi a daɓe ya yi ta motsawa har ya huce, sannan ya kai wajen tankaɗe. Wani ɗan jihar Delaware mai suna Oliver Evans ya yi tunanin cewa wilin da ke juya dutse zai iya yin sauran ayyukan. Ya ƙera bel mai ɗauke da 'yan gwangwanaye da ke hawa da hatsi sama, da wani dogon abu mai murɗe kamar sukuru da ke tura gari a kwance, da wani majanyi mai zagayawa da ke baza gari ya huce sannan ya tura shi cikin rariya. Hatsi ya shiga ta gefe guda, fulawa ta fito ta ɗaya gefen, dusa ta ware, hannu bai taɓa ba.

A 1790 sabuwar gwamnatin Amurka ta yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙira, kuma takarda ta 3 da aka bayar a tarihin ƙasar ta Evans ce. Shugaban ƙasa ne ya sa mata hannu, wato Washington. Shekara guda bayan haka, a 1791, shi wannan shugaban ya nemi lasisi kamar kowa, ya sa aka kafa fasahar a injinsa. Ga wata irin mallaka ta daban ta shigo: gini nasa, ƙasa tasa, amma dabarar ta Evans ce.

A 1797 manajan gonarsa, James Anderson, mutumin Scotland, ya ja hankalinsa ya gina gidan dafa barasa a gefen injin, tunda ga hatsi ga ruwa. A 1799 wurin ya fitar da kusan galan 11,000, yana cikin mafi girma a ƙasar. Bayi 6 ne ke aikin: Hanson, Peter, Nat, Daniel, James da Timothy.

Wasiyya mai shafi 29

Washington bai haihu ba. Matarsa Martha bazawara ce ya aura, ta zo da agololi biyu, daga baya kuma suka riƙi jikokinta biyu. Ɗaya daga cikinsu, Nelly Custis, ta auri Lawrence Lewis, ɗan ƙanwar Washington, ranar 22 ga Fabrairu 1799. A watan Yuli na wannan shekara Washington ya zauna ya rubuta wasiyyarsa da hannunsa, shafi 29. Ranar 14 ga Disamba ya mutu.

Tsarin gadonsu ya bambanta da na Musulunci, inda rabon kowa yake a ƙayyade kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. A dokarsu mutum na iya raba dukiyarsa yadda ya so. Babban gidan Mount Vernon ya bar wa Bushrod, ɗan ƙanensa. Injin niƙa da gidan barasa da kimanin eka 2,000 ya bar wa Lawrence da Nelly.

Nan ne aka fara raba inji da abin da ke ciyar da shi. A hannun Washington gonar ta kai eka 8,000, gonaki 5 duk suna aiko da alkama wuri guda. Da aka yanka ta gida-gida, injin ya tafi wani hannu, yawancin gonakin suka tafi wasu hannaye.

Su ma ma'aikatan an raba su. A 1799 bayi 317 ne a Mount Vernon, amma 123 kaɗai ne na Washington. Waɗannan ya yi wasiyya a 'yanta su bayan mutuwar matarsa, ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Wasu 153 na gidan Custis ne, mijin Martha na farko, wanda ya mutu a 1757 bai bar wasiyya ba. Doka ta ba Martha cin moriyarsu kawai, ba ita ba Washington babu mai ikon 'yanta su. Sauran kuma na haya ne daga wata maƙwabciya. Shekara 40 waɗannan mutane suna zaune wuri guda suna auratayya. Sai ga miji ya sami 'yanci mata na cikin bauta, ko uwa a ɗaure uba a sake. Da Martha ta mutu a 1802, aka raba bayin Custis tsakanin jikokinta 4. Rashin wasiyyar mutumin da ya mutu shekara 45 baya ya taimaka wajen wargaza gidajen mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba.

Magaji ya karɓa, inji ya yi shiru

Lawrence da Nelly sun gina katafaren gida a kan tudun da ke kallon injin, suka kira shi Woodlawn, aka gama shi a 1805. Gidan ya yi kyau, amma gonar ba ta taɓa ɗaukar nauyin kanta yadda ya kamata ba. Gidan barasa ya ƙone a 1814. Ƙasar yankin ta gaji, ga manyan injinan da ke kan koguna masu ƙarfi sun kama kasuwar fulawa. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Injin ruwa kullum yana neman askinsa: katakon wili na ruɓewa, hanyar ruwa na cikewa da laka, dutse na dakushewa. Washington kan bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ko yana fadar shugaban ƙasa, yana karɓar rahoton gona kowane mako. Bayansa ba a sami mai wannan naci ba.

Lawrence ya mutu a 1839. A 1846 iyalin suka sayar da Woodlawn ga wasu 'yan ɗariƙar Kirista da ake kira Quaker, daga jihohin New Jersey da Pennsylvania, cikinsu har da gidan Troth da na Gillingham. Sana'arsu katako ce, suna sayar wa masu ƙera jiragen ruwa. Suna kuma da wata manufa. Aƙidarsu ta haramta bauta, kuma suna so su nuna cewa ana iya noma a Virginia a ci riba ba tare da bawa ko ɗaya ba. Suka yanka ƙasar ƙanana-ƙanana suka sayar wa manoma, farare da baƙaƙen fata masu 'yanci. Wannan ya faru shekaru kafin yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a 1865.

Shi kuwa injin, sun same shi ya riga ya lalace. Wajajen 1850 aka rushe shi, aka kwashe duwatsun ginin aka yi wasu gine-gine da su. Kusan shekara 80 babu abin da ya rage sai tushe a ƙarƙashin ciyawa.

Gwamnati ta gina, mata suka raya

A 1932 Washington ya cika shekara 200 da haihuwa, Amurka ta yi gagarumin biki. Gwamnatin jihar Virginia ta sayi 'yan ekoki a wurin da injin yake, aka tono tushen, aka sake ɗora gini a kansa, aka gama a 1933. Kayan cikin an kwaso su ne daga wani tsohon inji na wani gari. Saboda haka duk wanda ya ce maka wannan shi ne ainihin ginin da Washington ya taɓa da hannunsa, ya ƙara gishiri. Wurin ne na asali, ginin sabo ne.

Shekaru da dama wurin ya zauna a matsayin wajen yawon buɗe ido na jiha, abin kallo kawai. Waɗanda suka dawo masa da numfashi su ne ƙungiyar matan Mount Vernon. Wata mata mai suna Ann Pamela Cunningham ta kafa ta a 1853, bayan babban gidan ya fara zubewa a hannun magajin ƙarshe, kuma gwamnatin tarayya da ta jiha duk sun ƙi saya. Matan suka bi ƙasa suna tara gudummawa, suka ƙulla cinikin gidan a 1858 kan dala 200,000. Har yau su ke riƙe da shi, kuma ba sa karɓar kuɗin gwamnati.

A 1997 ƙungiyar ta shiga aikin gyaran injin. Aka nemo masassaƙan da suka san aikin injin ruwa, aka ƙera sabon wili, aka kafa fasahar Oliver Evans. A 2002 dutse ya sake juyawa, daga baya kuma mallakar wurin ta koma hannun ƙungiyar. Yau ana buɗe shi daga bazara zuwa kaka. Baƙo na iya tsayawa ya ga an saki ruwa, wili ya motsa, gari ya zubo, har ya sayi ƙunshi ya tafi da shi gida. Masu yi wa baƙi bayani a yanzu suna ambaton bayin da suka yi aiki a wurin tare da sunan mai gidan.

Abin da ya shafi gidanka

Ba sai kana da eka 8,000 wannan labari zai taɓa ka ba. Gidaje da yawa suna da abin da mahaifi ya kafa wanda ke ciyar da kowa: injin niƙa ko na markaɗe, shago, gona, keken ɗinki, motar haya. Ranar rabon gado kowa na kallon darajar kayan a kasuwa. Ba kasafai ake tambayar wa ya san inda ake sayo kayan gyara ba, ko wa abokan ciniki suka saba da shi, ko yaron da ya yi shekara 15 yana tayar da injin da asuba ina za shi. Sau da yawa wannan yaron ko magaji ba ne.

Shari'a ta fayyace rabon kowa, wannan ba abin taɓawa ba ne. Amma tun mai gida na raye akwai abin da ke hannunsa: ya koya wa wani cikin 'ya'yansa aikin, ya rubuta bashi da amana, ya sallami ma'aikaci da haƙƙinsa, ya zauna da iyali a yi magana kan yadda za a bar sana'a ta ci gaba da tafiya ana raba amfaninta, maimakon a yanka ta kowa ya ɗauki guntun da ba ya motsi. Washington ya rubuta shafi 29, duk da haka injinsa bai wuce shekara 50 a bayansa ba.

To kai fa, mai karatu, wace sana'a ce ta gidanku ta tsaya bayan rasuwar mai ita, wacce kuma ta ɗore? Me waɗanda suka riƙe tasu suka yi da ya kamata sauran iyalai su sani?